Baba Ɗaga-Kujera Bai Tafi Ba

Kafin in buɗe shagona da safe, shi ya riga ya buɗe garejinsa. Titi ne kawai ya raba mu, kuma kekena na ɗinki yana fuskantar ƙofarsa, don haka ko ban yi niyya ba sai na ga yadda yake fara yininsa. Yakan jawo bencin katako ya jingina da bango, ya share gaban garejin da wata tsintsiya da ya ci a ce an yi mata ritaya tun kafin shi, ya yayyafa ruwa. Daga nan sai ya shimfiɗa tsumma a kan tebur ya jera sufanu, ƙarami zuwa babba, yana shafa bakin kowanne da babban yatsa kafin ya ajiye. A da da ido yake jera su. Yanzu da hannu yake yi, domin yanar ido ta rufe masa na dama, na hagun ma ya fara ganin hazo.

Idan tarakta ta farko ta shigo, ba ya tambayar direba abin da ya kawo shi. Ko taya ce ta sace, ko mai ne yake yoyo, ko fitila ce ta mutu, abu na farko shi ne ya taka ya hau, ya ɗaga kujerar direba, ya zura hannu ƙarƙashinta yana lalube. Sai ya gama wannan zai sauko ya amsa gaisuwa da kyau, ya tambayi mutanen gida. A nan sunansa ya samo asali. Yaran layinmu da dama ba su san yana da wani suna ba bayan Baba Ɗaga-Kujera, kuma waɗanda suka raɗa masa shi ba don girmamawa suka yi ba, tsokana ce.

Wannan safiyar da na kwatanta muku, bai kamata a ce har yanzu ana yin ta ba. Yadda aka shirya, da yanzu Baba yana gidan autarsa a wani gari, an yi masa aikin ido, yana zaune a inuwa jikoki suna hawa masa baya. Jakarsa tana nan a ɗaure a bayan ƙofar ɗakinsa, ba a kwance ta ba. Likita ya gaya wa autar cewa idan aka ci gaba da jan lokaci, idon hagun ma zai bi na dama. Amma Baba bai tafi ba, kuma mu muka hana shi. Na zauna ne don in jinjina masa, sai dai in gaya muku gaskiya, kunya ce ta fi yawa a cikin abin da zan rubuta.

Ga wanda bai san tarakta ba, bari in faɗi abin da ke ƙarƙashin kujerar nan, yadda ni ma aka bayyana mini. Wani ɗan makunni ne da bai kai akwatin ashana ba. Aikinsa ɗaya, ya san ko akwai mutum a zaune. A bayan tarakta akwai wata sandar ƙarfe mai juyawa, ita ke tuƙa injin yankan ciyawa ko na sussuka, direbobi suna kiranta shaf. Idan direba ya tashi daga kujera alhali shaf yana juyawa, sai makunnin ya kashe injin. Dalili kuwa, shaf bai san wasa ba. Idan ya kama gefen riga, kafin mutum ya buɗe baki ya yi ihu ya riga ya naɗe shi har kafaɗa.

Direbobi kuwa sun tsani ɗan abin nan kamar me. A gona mai gargada kujera tana tsalle, injin sai ya riƙa mutuwa a tsakiyar aiki. Idan ciyawa ta toshe wuƙaƙe, mutum yana son ya dira ya zare ta ya koma ba tare da ya sake tayar da mota ba. Idan kuma makunnin ya yi tsatsa, sai tarakta ta rantse babu kowa a kanta alhali ƙato yana zaune yana zufa. Maganin da suka sani mai sauƙi ne: a zare soket ɗin, a samu guntuwar waya a haɗa bakunansa biyu, a naɗe da salatif. Shi ke nan, tarakta ta yarda akwai mutum a zaune har abada, ko da mutumin yana ƙasa yana leƙa cikinta. A mahaɗar hanya akwai wani bakanike da ake kira Mai Sauri, shi ko tambaya ba ya yi, kafin ka gama shan ruwa ya haɗa maka.

Ba zan ce direbobin nan wawaye ba ne. Yayana, wanda nake bi, ɗaya ne daga cikinsu, kuma na san yadda yake dawowa gida ran da hadari ya haɗo, mai gona yana tsaye a kansa, wasu gonakin suna jira, injin kuma yana mutuwa saboda wani ɗan abu da ke ƙarƙashin mazauninsa. Duk wanda aka matsa haka zai nemi hanyar da ta fi kusa. Baba ma ya san da haka, shi ya sa ban taɓa jin ya zagi kowa a kan waya ba. Amma ban taɓa jin ya haɗa wa kowa ba, kuma ban taɓa ganin wata waya ta shiga garejinsa ta fita ba.

Idan ya laluba ya ji ta, sai ya zare ta, ya mayar da soket ɗin, ya sauko ya rataye ta a wata doguwar ƙusa da ke jikin bango kusa da ƙofa. Ja, baƙa, shuɗiya, har da wadda aka yanko daga tsohuwar rediyo, duk suna nan. Ba ya cewa ta wane ce. Daga nan sai ya koma kan ainihin matsalar. Idan tsatsa ce ya kankare, idan makunnin ya mutu ya shiga bayan gareji ya ciro wani daga cikin matattun taraktocin da ciyawa ta rufe. Idan an kira shi gona da rana tsaka an ce mota ta ƙi tashi, a haɗa waya kawai a wuce wurin, sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya je can ya durƙusa a cikin ƙasa ya gyara abin yadda ya kamata, mai gona yana ta huci a gefe.

Akwai wani direba da muke kira Gajere, mutum ne mara nauyi, ga surutu. Shi matsalarsa ta daban ce, ko yana zaune tarakta ba ta jin sa. Ya zo ya yi wa Baba magiya, ya ce shi dai nasa uzurin a bayyane yake, Allah ne ya halicce shi haka. Dogo, abokin aikinsa, wanda yake wurin, shi ya ba ni labarin. Ya ce Baba ya dubi Gajere daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauki lokaci ba, ya ce masa ya je ya gaya wa matarsa ta ƙara masa abinci, kafin nan kuma ya bar motar. Yini guda Baba ya yi yana sassauta ƙarfen da ke riƙe kujerar, yana sa Gajere ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, har aka samu inda kujerar ta amince cewa Gajere mutum ne. Har yau idan ana son a tayar masa da hankali a majalisa, wannan maganar ake ɗaukowa.

Wannan hali ya jawo masa asarar masu zuwa, ba kaɗan ba. Wasu sun koma wurin Mai Sauri gaba ɗaya, suna cewa tsohon ya cika taurin kai, mota tasu amma sai ya nuna musu yadda za su zauna a kanta. Wasu kuma ba su iya rabuwa da shi ba, saboda idan injin ya yi ciwo na gaske babu mai jin muryarsa kamar Baba. Su waɗannan sai suka ɓullo da dabara. A kwanar da ke jikin shagona suke tsayawa, su ɗaga kujera, su zare wayar su sa a aljihu, sannan su shiga gareji da fuskar mutanen kirki. Idan an gama musu aiki su dawo kwanar su mayar. Daga kan keke nake kallonsu. Abin da ba su sani ba, salatif yana barin danƙo a jikin soket, kuma yatsun Baba suna jin danƙon. Sai kawai ya miƙa wa direba tafin hannu ya tsaya yana jira, har sai mutumin ya gaji ya zaro wayar daga aljihu.

Sau ɗaya aka taɓa jin ya faɗi dalilinsa. Wani matashin direba ne ya ɗaga masa murya a gaban mutane, ya ce rai nasa ne, hannu nasa ne, ina ruwan bakanike. Dogo ya ce Baba ya ajiye sufanar da ke hannunsa, ya goge yatsu da tsumma, ya ce:

"Ɗana, idan shaf ya kama mutum, ba likita ake fara kira ba. Ni ake kira, in zo da kayan aiki in kwance shi daga jikin ƙarfe. Na je irin wannan kiran, mutumin yana kallona ina kwancewa. Ba na son in sake zuwa."

Babu wanda ya tambaye shi wane ne mutumin.

Mu a gidanmu mun ga amfanin taurin kan nan da idonmu. Wata damina Yaya ya kai motarsa a duba masa yoyon mai, Baba ya zare masa waya, suka rabu ba daɗi. Yaya ya shigo shagona yana ta faɗa, ya ce da ya samu sarari zai wuce wurin Mai Sauri a mayar masa. Allah bai ba shi sararin ba. Bayan kwana biyu suna yankan ciyawa shi da Dogo, wuƙaƙe suka toshe, Yaya ya diro yadda ya saba, ƙafarsa ta zame a kan ɗanyar ciyawa, ya faɗa jikin shaf. Dogo ya ce shi ya riga ya rufe ido. Amma tun lokacin da Yaya ya bar kujera injin ya mutu, saura ɗan juyin ƙarshe. Wannan ɗan juyin kaɗai ya naɗe hannun rigarsa ya tsinke shi daga kafaɗa, ya ƙuje masa fata, sannan ya tsaya.

Da yamma Yaya ya kawo mini rigar, wai in mayar masa da hannun. Ni da nake ɗinke kowace irin ɓaraka, na dubi yadda zaren ya murɗe ya zama igiya, na kasa. Na ninke ta na sa a ƙasan akwatin yadi. Matarsa tana da tsohon ciki a lokacin. Yarinyar da aka haifa yanzu ita ke kawo mini abincin rana a shago, kuma da hannu biyu ubanta yake ɗaga ta.

Baba, kai ne ka tsaya tsakanin gidanmu da makoki, ranar da kai kanka ba ka gonar. Kai ne wanda aka zaga da safe a kan abin da aka zo ana gode maka da yamma, kuma fuskarka ɗaya a duka biyun. Mai hannun lalube, mai ƙusa a bango. Matan da ba su zama zawarawa ba saboda kai ba su san kansu ba, shi ya sa babu wadda ta taɓa zuwa ta ce maka sannu.

Bayan abin da ya sami Yaya, lamura suka sauya. Labarin rigar ya zaga, Dogo kuma bai gaji da ba da shi ba. Tsayawa a kwanar shagona ta ragu har ta ɓace. Wayoyin da ke jikin ƙusar suka daina ƙaruwa, suka yi ƙura. Baba ya riƙa ɗaga kujera yana sauke ta hannu wayam, wata rana har na ji yana 'yar waƙa. Saboda haka da autarsa ta sake zuwa da maganar da ta daɗe tana yi, cewa ya rufe gareji ya biyo ta a yi masa aikin ido, a karon farko bai ce a'a ba. Ita ta gaya mini abin da ya ce mata: yaran sun koya, yanzu zai iya tafiya. Watannin da suka biyo baya ma rabi a asibiti ya yi su wajen gwaje-gwaje, garejin yana yawan kasancewa a rufe.

Direbobi suka ce ba za a bar shi ya tafi haka shiru ba. Aka shirya taron bankwana a filin da ke bayan garejin, ana gobe zai tafi. Kowa ya wanke motarsa har tana ƙyalli, aka jera su layi ɗaya kamar masu jiran gaisuwa. Ni aka ba ɗinkin rigar da za a ba shi, farar shadda, na yi mata aljihu mai zurfi a kowane gefe saboda na san mutumin da ba ya rabuwa da ɗan ƙarfe a jikinsa ne. Aka sa masa ita a wurin, ya zauna a gaba kusa da autarsa, yana ta sunkuyar da kai don bai saba da a yabe shi ba. Mutane suka yi ta magana. Yaya ne ya rufe jawaban, kuma tun da safe ya zo ya karɓi tsohuwar rigar nan a wurina. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya ce duk abin da hannun nan nasa ya taɓa daga ranar zuwa yau, Baba ne ya ba shi. Mata suka share hawaye, ni ma na share.

A nan ya kamata a tashi. Sai Gajere, da bakinsa ba ya zama, ya miƙe ya ce ai ba a yi bankwana ba idan Baba bai ɗaga musu kujera ta ƙarshe ba. Wuri ya ɗauki dariya da tafi. Wasa ne, kuma na tabbata a wannan lokacin babu wanda ya tuna abin da ke ƙarƙashin mazauninsa. Baba ya yi murmushi ya miƙe, autar ta riƙe masa hannu zuwa mota ta farko.

Ya hau, ya ɗaga, ya zura hannu. Ya ɗan jima, sannan ya sauke kujerar ya ce lafiya lau. Aka tafa. Ya wuce ta biyu, ya ce lafiya lau, aka tafa. Ni ina tsaye ta bayan layin, kuma idon tela ba ya barin ɗinkinsa. Ina duba yadda rigar ta zauna masa ne, sai na lura hannunsa yana fitowa daga ƙarƙashin kujera a dunƙule, ya shiga aljihun dama, ya fito a buɗe. Ba a kowace mota ba, amma a mafi yawansu. Kafin ya kai tsakiyar layi aljihun da na ɗinka ya fara kumbura, bakin wata shuɗiyar waya ya leƙo. Tafin ya riƙa raguwa. Mata da yara suna ta yi, amma direbobi ɗaya bayan ɗaya suka sauke hannu, kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Gajere ya koma bayan mutane. Baba kuwa bai fasa ba, kowace mota sai ya ce lafiya lau, da murya ɗaya.

Motar Yaya ce ta ƙarshe. Na roƙi Allah a raina kamar yadda ban taɓa roƙo ba. Baba ya ɗaga kujerar ya zura hannu, sai ya tsaya cak. Ya daɗe a haka, kansa a sunkuye. Yaya yana ƙasa, tsohuwar rigar tana rataye a kafaɗarsa. Da hannun ya fito, na ga jar waya tsakanin yatsunsa kafin ta shige aljihu. Ya sauke kujerar a hankali, ya shafa ta sau biyu, ya sauko. A wannan bai ce komai ba. Ya gode wa jama'a, ya ce kowa ya koma gida lafiya.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ba ni na haɗa waya ba, ban ma san da ita ba, amma na ji kamar a fuskata aka rubuta. Da na tsare Yaya a gida, abin da ya ce shi ne makunnin ya fara damunsa ana tsakiyar aiki, ya zo gareji ya tarar a rufe, ya ga bai dace ya bi tsoho mara lafiya har gida ba, sai ya je wurin Mai Sauri, na kwana biyu kawai. Kwana biyun ne suka zama wata da watanni. Na tabbata da za a tambayi sauran, kowa irin wannan amsar zai bayar, kuma kowa gaskiya yake faɗa. Ashe ba koya muka yi ba. Tsoron hannun Baba ne ya riƙe mu, da hannun ya ɗan janye muka koma inda muke.

Washegari motar da za ta ɗauke shi ta zo da wuri ta tsaya a ƙofar gida. Ina buɗe shago na ji ƙarar bencin katako ana jan sa. Baba ne, cikin tsofaffin kayan aikinsa, yana share gaban gareji. Can sai ga autar ta tsallako titi, farar rigar a hannunta. Ba ta gaishe ni ba, ita da kullum sai ta ce mini Anti. Ta juye aljihun a kan teburin da nake yanka, wayoyi suka zubo a kan yadin mutane.

"Anti, ga abin da kuka ba mahaifina na sallama. Ya ce ba zai bi ni ba. Ya ce idan ya tafi, kiran da za a yi babu mai amsawa."

Na tattara wayoyin na zuba a gwangwanin maɓallai, ita kuma ta koma garinsu ita kaɗai tana kuka.

Yaya ya yi kwanaki yana zagayewa ta bayan layi don kada ya bi ta gaban gareji. Ran da ya iya, da safe ne, ana zaune a benci, Dogo da wasu suna jiran aiki. Na bar keke na tsaya a bakin ƙofa. Ya durƙusa a gaban Baba kamar ƙaramin yaro, shi da furfura ta fara fito masa.

"Baba, don Allah ka tafi a duba idonka. Ni zan riƙa zama a nan kullum da safe. Duk motar da ta shigo zan ɗaga kujerarta, na yi maka alkawari."

Baba yana goge sufana, bai daina ba. Ya juyo da idon hagu wajen Yaya, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Na ji, ɗana. Za ka ɗaga tasu. To taka fa, wa zai ɗaga?"

Mutanen benci babu wanda ya motsa, domin kowa ya san ba Yaya kaɗai aka tambaya ba. Can sai Yaya ya miƙe ya tsallako wurina, ya ce in ba shi gwangwanin. Ya tona ya zaro jar wayarsa, ya koma, ya ce wa mutanen benci wannan tasa ce, shi ya je aka haɗa masa bayan duk abin da suka sani. Ya rataye ta a ƙusa da hannunsa, hannun nan dai. Tun da aka kafa ƙusar, wannan ce waya ta farko da ba Baba ne ya rataye ba. Bayan kwana biyu Gajere ya zo ya karɓi tasa, shuɗiyar, kuma a karon farko a rayuwarsa ya yi abu ba tare da surutu ba. Da na gaya wa Yaya zan rubuta wannan, ya ce in rubuta duka, kada in rage nasa.

Baba, mun gode. Mun gode da zagin da ka sha ka haɗiye, da masu zuwa da ka rasa ba ka sauya ba, da rufin asirin da ka yi mana a gaban matanmu da 'ya'yanmu ranar da muka fi cancantar a tona mu. Ka yafe mana. Mun yi maka riga, mun yi maka jawabi, abu ɗaya da ka roƙe mu tsawon rayuwarka shi ne ba mu yi ba.

Ku kuma direbobi, na layinmu da na ko'ina, ba na ce ku zama kanikawa ba. Makunni idan ya lalace a gyara shi, idan ya mutu a sauya shi, ko da hadari ya haɗo, ko da mai gona yana huci. Wanda ke son ya yi koyi da tsohon nan ba sai ya je nesa ba, kujerar da yake zaune a kanta zai ɗaga. Na layinmu kuma, gwangwanin maɓallai yana nan a kan teburina, bai kai rabi da raguwa ba, kuma kowa ya san launin tasa. Ba zan kira sunan kowa ba, Baba bai kira ba. Ku zo ku ɗauka, titi ne kawai za ku tsallaka. Yau da safe na ga ya ɗauki sufana ya kai ta dab da fuskarsa, ya juya ta, ya sake juya ta, sannan ya haƙura ya shafa bakinta da yatsa. Jakarsa tana bayan ƙofa, autarsa tana kira kullum, kuma idon hagun ba zai jira mu gama jin kunya ba.